Goggo Matar Mai Agogo da Zazzaɓin Kumatu

A ƙarshen layin da ke bayan tashar mota akwai wani gida mai koren ƙyaure wanda ba a wahalar yi wa baƙo kwatancensa. Ce masa ake yi ya bi kukan yara. In ya ga ƙananan takalma zube a bakin ƙofa, kowace ƙafa ta rabu da 'yar'uwarta, to ya iso gidan Goggo mai raino.

Ba ta da ɗan'uwa namiji ko ɗaya, balle a ce 'ya'yansa ne suka mayar da ita goggo. Yarinyar da ta fara raino ce ta laƙaba mata sunan, ya bi ta. Da yake mijinta gyaran agogo yake yi, sai mutanen unguwa suka ji abin ya zauna musu daidai a baki, suka riƙa cewa Goggo matar Mai Agogo. Har ɗan cikinta, tun da ya buɗe baki ya ji kowa na faɗin Goggo, shi ma bai ga dalilin da zai ware kansa ba.

Ita ce babba a ɗakinsu, ƙannenta duk mata, kuma a jere suka zo kamar an sa su layi. Takan ce ba ta tuna ranar da ta taɓa tafiya bayanta ba kowa. Ana sauke wannan, ana ɗora mata wancan. Da ta yi aure ta ɗauka ta huta, sai ta ce za ta koyi ɗinki. Rigar farko da ta ɗinka wa mijinta, hannu ɗaya ya wuce yatsu, ɗayan ya tsaya a gwiwar hannu. Mai Agogo mutum ne da ba ya son ɓacin ran kowa. Ya sa rigar, ya duba hannun da ya gaza, ya ce, "Wannan ai dabara ce. Yanzu sai in ga agogona ba sai na naɗe hannun riga ba." Ta gwada sayar da alewa da biskit, yaran layin suka gane cewa in ka tsaya ka zuba mata ido ka langaɓe kai, za ta ba ka kyauta. Kasuwar ba ta yi nisa ba.

Wata safiya maƙwabciyarta mai aiki a masaƙa ta shigo a rikice, ta ce mai riƙe mata yarinya ta yi tafiya, ko za ta taimaka mata zuwa azahar. Azahar ɗin nan ce ba ta zo ba har yau. Kafin shekara ta zagayo, tsakar gidan ya cika da tabarmi da bulumboti da igiyar shanya wadda ba ta taɓa zama wayam. Ɗakin da ke bakin ƙofa shi ne shagon Mai Agogo. Yana zaune kan kujerarsa mai gajerun ƙafafu, ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba, yara na kai da kawo a ƙarƙashin teburinsa. Abokansa sukan tambaye shi yadda yake aiki cikin wannan hayaniya. Yakan ce hayaniyar ba ta damunsa, shirun ne ke sa shi ajiye aiki, don yaro ba ya yin shiru banza.

Ilimin Goggo na farko a kan jijjiga a jikin ɗanta ta same shi. Dogo, wanda a lokacin ba dogo ba ne, ya ɗan haura shekara, zazzaɓi ya kama shi. Tana shanya ta waiwaya ta ga idanunsa sun juye, hannuwa da ƙafafu na karkarwa, bakinsa na taune-taune. Ta sure shi ta yi waje ko takalmi babu. Kafin ka ce kwabo layin ya cika da masu magani. Wannan ta ce a cusa masa cokali kada ya ciji harshe, waccan ta ce a matsa masa albasa a ido, wani tsoho ya ce a kara ƙafarsa kusa da wuta. Allah ya sa wata tsohuwar nas da ke haya a gidan kusurwa ta dawo daga aiki a daidai lokacin. Ta ratsa taron, ta karɓi yaron, ta shimfiɗa mayafinta, ta kwantar da shi a kan gefensa, ta sassauta masa riga, ta karɓe cokalin daga hannun mai cokali ta jefa a aljihu. Ba a jima ba jijjigar ta lafa. Yaro ya yi luf, can ya buɗe ido ya tsandara kuka irin na wanda aka ɓata wa rai.

Nas ɗin ta raka su asibiti, aka duba aka ce ciwon kunne ne ya kawo zazzaɓin, zazzaɓin kuma ya kawo jijjigar. A hanyar dawowa ta yi wa Goggo karatun da ba ta taɓa mantawa ba. Ta ce, "'Yata, wannan ba farfaɗiya ba ce, ba kuma iska ba ce. Wasu yaran haka jikinsu yake, in zafi ya hau sai su jijjiga, kuma da sun girma suke bari. Ki kwantar da shi a gefe, kada ki sa masa komai a baki, ko ruwa. Ki dubi agogo, ke da agogo ya yi wa yawa a gida. Sannan ki kai shi a duba, ko da ya tashi yana wasa."

Dogo ya sake yi bayan nan, amma kafin ya shiga makaranta abin ya rabu da shi. Ya yi ta miƙewa har ya zama sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidan ubansa. Ya zama direban motar raba burodi, ya yi aure, matarsa ta zama hannun daman Goggo a wajen raino.

Cikin shekarun nan Goggo ta ga jijjiga a jikin yara da dama, na gidanta da na maƙwabta. Ya zama in abin ya faru a layin, ita ake rugawa a kira. Ta kori masu cokali, ta kwantar da yaro, ta riƙe hannun uwar, ta ce, "Ki jira kukan. Yanzu za ki ji ya tashi yana faɗa." Kuma kullum kukan yakan zo. A je asibiti, a ce mura ce ko maƙogwaro ko zazzaɓin sauro, a dawo gida. Har ta kai abin ya daina tayar mata da hankali.

Tana cikin shekarun furfura aka kawo mata Kumatu. Uwarsa malamar firamare ce, siririya mai sanyin magana. Ubansa mai walda ne, ƙato, wanda ƙarar injin ta sa ya saba magana kamar kowa na tsallaken titi. In ya ce "ina kwana" a ƙofar gida, yaron da ke barci a ƙuryar ɗaki sai ya motsa. Jaririn kuwa kumatu ne aka yi wa jiki. Goggo takan ɗaga shi ta ce, "Ga angona ya zo," Mai Agogo ya leƙo daga shago ya ce, "Ki gaya masa ya fara kawo cefane tukuna."

Ranar da abin ya faru, Kumatu bai cika wata takwas ba. Malama ta kawo shi da safe tana sauri, ta ce, "Goggo, jikinsa da ɗan zafi tun jiya, bai kama nono sosai ba. Ina jin haƙori ne."

"Komai haƙori," in ji Goggo. "Haƙorin nan da zai yi magana da ya kai ƙarar iyaye." Ta taɓa goshinsa, ta ji zafin bai kai na tashin hankali ba. Ta ce in an tashi makaranta a wuce da shi asibiti, Malama ta ce to.

Da hantsi ya ƙi bulumboti. Ta goya shi, ya ƙi goyon, abin da bai taɓa yi ba. Ta kwantar da shi a inuwa kusa da ita tana ninke kayan yara. Rana ta kusa take tsaka sai ta ga ƙafarsa ta miƙe, jikinsa ya ɗauki rawa. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta juya shi a gefe, ta ɓalle masa maɓalli, ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Malam, duba mana agogo." Surukarta ta tattara sauran yaran ta yi ɗaki da su. Mai Agogo ya fito da gilashinsa a goshi, ya tsaya a kansu, ido ɗaya a kan yaro, ɗaya a tsintsiyar hannu.

Jijjigar ta daɗe fiye da yadda Goggo ta saba gani, amma ta tsaya. Ta zauna tana jiran kukan. Ta jira, bai zo ba. Yaron na kwance, ido rabi a buɗe, ba ya kallon kowa. Ta sa hannu ta ɗauke shi, sai ya yi wani siririn kuka mai tsini, kamar ɗaukar ce ke masa ciwo. Duk yaron da ta sani, in ba shi da lafiya hannu yake nema. Wannan kuwa sai ta ajiye shi yake samun sauƙi. Ta shafa kansa kamar yadda take shafa kan kowane jariri ba tare da tunani ba, sai tafinta ya tsaya a maɗiga. Wurin da ya kamata ya ɗan lotsa yana bugawa a hankali, ya taso ya yi tauri.

Ba ta san ma'anar hakan ba. Abin da ta sani kawai, ta shafa kawunan jarirai ba iyaka, ba ta taɓa jin irin wannan ba.

"Malam, kira Dogo. Ba za mu jira a tashi makaranta ba."

Dogo na layi na gaba yana sauke burodi a wani kanti. Ya bar mai kantin da tire a hannu ya taho. Goggo ta shiga gaba da yaron a cinya, Mai Agogo ya shiga baya ya zauna tsakanin tirarrukan burodi, yana buga wa iyayen waya. A hanya yaron ya sake jijjiga, gajeriya. Dogo ya kalli uwarsa, ta ce, "Kai dai kalli titi. Kai ma haka ka yi mini, ga ka nan ƙofa ta yi maka kaɗan." Ta faɗa ne don ta kwantar masa da hankali, amma ita kanta ta san ba haka ya yi ba.

A sashen gaggawa na yara suka tarar da wata likita ƙarama, mai tabarau, wadda in ba don farar rigar ba sai ka ce ɗaliba ce. Ta karɓi yaron tana tambaya hannunta na aiki. Yaushe zazzaɓin ya fara, ya sha nono, ya yi amai, jijjigar ta kai minti nawa. A nan Mai Agogo ya matso, da ɓurɓushin burodi a kafaɗa, ya faɗa mata lokacin da ta fara da lokacin da ta tsaya, ta gida da ta mota, har da daƙiƙa. Likita ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, da kowa zai zo mini da irinka da na huta. Yawanci in na tambaya sai a ce mini ta daɗe."

Goggo ta ce, "Likita, taɓa maɗigarsa."

"Na taɓa, Mama. Ita nake so mu yi magana a kai."

Kafin nan an sa masa ƙarin ruwa, an ɗebi jini, an fara yi masa allura ta jijiya. Malama ta iso da alli a hannu, ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Mai Walda ya biyo bayanta da baƙin tabaran aiki a goshi, tun daga bakin ƙofa ake jin yana tambayar ina ɗansa. Likita ta tara su a gefen gado. Ta tambayi rigakafi, Malama ta sunkuyar da kai ta ce an yi na farko, sauran kuma ranar yana mura ta ɗaga, daga nan jarrabawar yara ta zo, yau da gobe har abin ya shige. Likita ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce abin da take zargi shi ne sanƙarau.

Goggo ta ce, "Amma likita, wuyansa bai sanƙare ba. Na gwada, yana lanƙwasuwa."

"A manya da yaran da suka tasa, wuya ne ke nunawa," in ji likita. "Jariri kuwa sau da yawa wuyansa lafiya lau za ki gan shi. Kansa bai gama haɗewa ba, don haka a maɗiga abin yake bayyana, da yawan barci, da ƙin nono, da irin kukan nan. Shi ya sa in jariri ƙarami ya yi jijjiga ba ma saurin cewa zafi ne kawai."

Goggo ta sake duban yaron. Shekara da shekaru tana ɗauka ta gama sanin jijjiga, ashe ɗaki ɗaya ta sani a gidan.

Likita ta ce maganin an riga an fara, ba za a jira komai ba. Amma in yaron ya ɗan daidaita, tana so ta ɗebi ruwa kaɗan daga gadon bayansa, don a tabbatar, a kuma san irin ƙwayar cutar da maganin da ya fi dacewa da ita. Mai Walda ya ja da baya kamar an watsa masa tartsatsi.

"A baya? A'a. Ni na ji an ce yaron da aka tsira wa allura a baya ba ya tafiya. A yi masa komai, ban da wannan."

Malama ta fara hawaye. Kowa ya juya ya dubi Goggo, don an saba ita ke raba gardama. Ita kuwa ta sha jin wannan magana a bakin mata. Ta ce, "Likita, ni ma na ji haka, kuma tsoro nake ji. Ki gaya mini tsakani da Allah, in ɗanki ne za ki yarda?"

"Zan yarda, Mama." Ta ce wa Mai Walda ya juya. Ya juya, ta yi ɗage ta dangwala yatsa a tsakiyar bayansa, sannan ta sauko da shi can ƙasa kusa da ƙugu. "Lakar da kake tsoro a sama take ƙarewa. Mu a nan ƙasa muke shiga, inda ruwa ne. 'Yan ɗigo za mu ɗiba. Yaran da ka ji an ce sun nakasa, ciwon ne ya nakasa su don an makara, sai aka ɗora wa allura laifi."

Mai Walda ya tsaya yana huci. Mai Agogo ya kama hannunsa ya ce a hankali, "Ɗana, shekarata nawa ina wannan sana'a, ban taɓa sanin ciwon agogo ta fuskarsa ba. Sai na buɗe bayansa."

Mai Walda ya dube shi, ya dubi ɗansa, ya share fuska da tafin hannu. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin yana tsaye a wurin, don ba wanda zai taɓa bayan ɗansa ba ya gani.

Da la'asar aka shiga da yaron wani ƙaramin ɗaki. Wata nas ta kwantar da shi a gefe ta lanƙwasa shi kamar ɗan kyanwa mai barci. Mai Walda ya tsaya a kansu ya harɗe hannuwa a ƙirji. Likita ta goge wurin, ta buɗe allurar daga takardarta. Goggo na zaune a benci a waje ta ji wani abu ya faɗi tim, har ƙyauren ya girgiza. Ta miƙe a firgice, sai ga nas ta leƙo tana danne dariya, ta ce, "Yaron lafiya, an gama. Uban ne. A samo mana maza." Sai da Dogo da masu tura gado biyu suka haɗu kafin aka jawo shi waje. Da ya farfaɗo ya ga Goggo na masa fifita, abin da ya fara cewa shi ne santsi ne ya kwashe shi. Ta ce, "Haka ne, ɗana. Asibitin nan santsi gare shi."

Likita ta fito da 'yar kwalba ta ɗaga ta a haske. Ta ce ruwan lafiyayye garau yake kamar na famfo, wannan kuwa ya yi gauraye. Gwaji ya tabbatar da zarginta. Ta ce Allah ya taimaka an zo da wuri, amma sai an yi haƙuri, kwanakin farko su ne masu wuya. Ta tambayi yaran da suke wuni tare da shi, ta faɗi abin da za a lura da shi a jikinsu, ta rubuta wa waɗanda ya kamata maganin kariya. Cikin ikon Allah babu wanda ya kamu.

Kwanakin farkon sun yi wuya kamar yadda ta ce. Malama ba ta matsa daga gefen gado ba, ta rame har zobenta na zamewa. Goggo takan zo kullum da yamma bayan an kwashe yara, ta ce mata ta je ta watsa ruwa ta miƙe ƙafa. Amma Goggo ba ta iya zama da jariri ɗaya in akwai wasu suna kuka. Kafin mako ya fita, ta san kowane gado a ɗakin, ta san uwar da ba ta ci abinci ba da wadda mijinta bai leƙo ba. Nas-nas suka ce in ta gaji da unguwa, akwai farar riga daidai ita.

Wata yamma tana shiga ɗakin ta ji kuka ya cika shi, mai kauri, mai faɗa, irin na wanda aka yi wa laifi yana neman a biya shi. Nas ce ta zo canza masa allurar hannu, ya kai mata duka da ƙafa. Malama na dariya tana share ido. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara har ya gaji don kansa, sannan ta ƙarasa ta ce, "To, ango, ka yi latti, amma ka zo."

Kafin a sallame su aka gwada jinsa da na'ura, don likita ta ce ciwon kan taɓa kunne. Aka ce lafiya. Mai Agogo bai gamsu ba sai da ya lallaɓa ta bayan yaron ya kara masa agogon aljihu kusa da kunne. Kumatu ya waiwaya ya cafke agogon ya kai baki. Mai Walda ya ce da ƙarfi, "Yana ji," yaran gadaje uku suka farka.

Sai dai an ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Goggo da aka sani da kwanciyar hankali ta koma ba ta yarda da kowane goshi ba. Yaro ya yi atishawa, ta shafa maɗiga, ko da ɗan shekara huɗu ne wanda maɗigarsa ta daɗe da rufewa. Motar burodi ta zama motar asibiti, har masu kanti suka fara yi wa Dogo ƙorafi. Wata rana ta kai wata yarinya a guje ta ce kuncinta ɗaya ya yi zafi zau. Aka auna ba zazzaɓi, aka bincika, ashe barci ta yi ta jingina da fulas ɗin shayin Mai Agogo. Nas-nas in sun hango ta sai su ce, "Goggo, yau wa aka kawo mana?"

Ranar fulas ɗin ce likita ta ja ta ofis ta ba ta kujera. Ta ce, "Mama, abin da kika sani a da gaskiya ne, kada ki zubar da shi. Yawancin yaran da zafi ke sa wa jijjiga ba su da sanƙarau, ɗaiɗai ne ke da shi. Duk wanda ya yi jijjiga ki kawo shi, wannan ba canji. Wanda za ki yi gudu dominsa shi ne jariri ƙarami, ko wanda jijjigarsa ta daɗe ko ta maimaita, ko wanda bai dawo hayyacinsa ba, ya ƙi nono, ko maɗiga ta taso, ko wasu tabo suka fito masa a fata. Amma yaron da ke cin biskit yana tsalle a kan bencina, ki bar Dogo ya raba burodinsa."

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta ji. A hankali hankalinta ya dawo mazauninsa. Abu ɗaya ne ta ƙara a dokokin gidanta. Duk uwar da ta kawo sabon jariri, kafin a yi maganar komai sai ta tambaye ta inda aka tsaya a rigakafi. In uwa ta fara cewa ai aiki ne ya yi yawa, sai Goggo ta ce ba komai, ta kawo katin, ita za ta kai shi. Malama ce ta fi kowa taya ta wannan yaƙi, don ta sa maganar a bakin iyayen ɗalibanta har sun haddace.

Yanzu gwiwoyin Goggo sun fara yi mata gardama. Surukarta ke ɗagawa da saukewa, ita kuma tana zaune a kan kujera a tsakar gida tana ba da umarni, jariri ɗaya a cinya, wani yana jan zaninta. Mai Agogo ya koma gyaran tocila da motocin wasan yara, tunda kowa a waya yake duba lokaci. Kumatu yana firamare. Kumatun sun zube, sunan ya zauna, kuma ya gaji muryar ubansa, har uwarsa ta roƙi a sa shi a wani aji ba nata ba.

Bara likitar nan ta yi aure ta haihu. Da hutunta ya ƙare, sai ga ta a ƙofar koren ƙyaure da jaririya a kafaɗa da jaka mai kama da ta mai tafiya ƙasar waje. Ta tsaya a tsakar gida tana bayani: yadda ake dama madarar, gefen da yarinyar ta fi son kwanciya, irin kukan yunwa da irin na barci. Goggo ta saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ta ce, "An yi mata rigakafi?"

"Haba Mama."

"Kowa sai na tambaya."

Likita ta tafi tana waiwaye. Ba ta kai bakin titi ba ta bugo waya ta ce ta manta ta faɗa, yarinyar ba ta son a rufe mata ƙafa. Da hantsi ta sake bugowa ta tambaya ko ta sha madarar. Kafin azahar wayar ta sake ƙara. Goggo ta duba ta ga ita ce, ta danna, ta kara wayar kusa da hancin jaririyar da ke barci a cinyarta tana ɗan minshari. Ta bar ta a nan jim kaɗan, sannan ta mayar kunnenta.

"Kin ji?"

"Na ji, Mama."

"To koma ki duba 'ya'yan mutane."